Tasa, Maiƙo da Ƙurar Hunturu

A ƙasar Indiya akwai wata al'umma da ba ta cika mutum miliyan 5 ba a tsakiyar jama'a sama da biliyan guda. Ƙidayar 2011 ta same su kusan miliyan 4 da rabi, ko rabin kashi 1 cikin 100 ba su kai ba. Su ne mabiya addinin Jain, wato Jainawa, kuma an fi samunsu a jihohin Maharashtra da Rajastan da Gujarat da Madhya Pradesh da Karnataka. Da yawansu 'yan kasuwa ne, kuma a duk addinan ƙasar babu al'ummar da ta kai su yawan masu iya karatu da rubutu. Baƙon da ya ci abinci a gidansu, abin da babu a kwano shi zai fara ba da labari: ba nama, ba kifi, ba ƙwai. A gidan masu tsanani ba albasa, ba tafarnuwa, ba dankali, kuma rana na faɗuwa an rufe tukunya sai gobe. Mai hange daga nesa zai ce tsabar tausayin dabba ne. Akwai tausayin kam, amma tushen abin wani ra'ayi ne game da alhaki wanda ko a cikin addinan Indiya su kaɗai suke da shi.

Mu a nan mukan ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wato yana waje, yana biye da kai, wata rana zai cim maka. Mabiya Hindu da na Buda su ma suna maganar karma, kowa da yadda ya fahimce ta. Jainawa kuwa cewa suka yi karma abu ce mai jiki. Wasu ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, sun cika duniya makil, babu lungun da babu su. Duk sanda mai rai ya motsa jiki, ko ya buɗe baki, ko ya saƙa wani abu a zuci, sai waɗannan ƙwayoyi su kwararo su sauka a kan ransa. In sun sami abin kamawa su manne, su yi masa nauyi, su rufe masa haske, su bi shi daga wannan haihuwa zuwa wata. Ba alƙali a tsakani, ba mai rubutawa, ba mai karanta sakamako. Abin yana jikinka.

Duk matar da ta yi jere a ɗakinta ta san wannan karatu, ko da ba ta taɓa jin sunan Jain ba. A ɗauki tasoshi biyu na tagulla, irin masu zanen nan na Bida, a kan kanta ɗaya, cikin tsakiyar hunturu. Ɗaya an wanke ta tas, an goge, ta bushe kafin a ɗora. Ɗayar an zuba mata miya mai man shanu jiya da dare, yarinya tana sauri ta ɗauraye ta da ruwan sanyi ta mayar. Da safe ba mai iya bambanta su, duk suna ƙyalli. Aka bar taga a buɗe. Ƙura ba ta zaɓe, kafin la'asar ta lulluɓe su duka biyun. Uwar ɗaki ta ɗauki ta farko ta hura, ko ta shafa tsumma sau ɗaya, shi ke nan ta dawo fes. Ta ɗauki ta biyu ta shafa, sai tsumman ya ja wani layi mai duhu, ya dama ƙurar da man ya ƙara shimfiɗa su. A nan za ka ji ta ɗaga murya: "Ke, zo nan. Wannan wanki kika yi ko jiƙawa?" In kuwa ba a lura ba aka bar ta mako guda, ƙura ta hau kan ƙura, abin ya zama danƙo. Kafin hunturu ya fita ya zama baƙar dauɗa da ta shige cikin zanen, wadda sai an haɗa da ruwan zafi da toka da tsamiya da soso, a zauna a dirza har yatsu su yi ciwo.

Tasar ita ce rai. Tagogin uku ne: jiki da harshe da tunani. Maiƙon kuwa iri huɗu suka lissafa: fushi, girman kai, yaudara da haɗama. Ba ni na ƙago musu wannan hanyar kallo ba. Wani babban malaminsu na dā, Kundakunda, ya kawo misalin mutumin da ya shafe jikinsa da mai ya shiga fili mai ƙura yana motsa jiki, ya nuna cewa man ne ya riƙe ƙurar, ba motsin ba. Littafin Tattwarta Sutra na Umaswati, wanda manyan ɓangarorinsu biyu, Digambara da Shwetambara, duk suka yarda da shi, ya raba saukar karma gida biyu: ta mai maiƙo, wadda ke zama ta ja shi zuwa wata haihuwa, da ta wanda ya rabu da maiƙo, wadda ke taɓawa ta faɗi nan take.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne yadda suka raba aiki tsakanin taga da maiƙo. Suka ce yawan ƙurar da irinta daga motsi suke, wato me ka aikata, kuma nawa. Amma daɗewarta da zafin abin da za ta haifar daga maiƙo suke. Saboda haka mutum biyu za su yi aiki iri ɗaya a ido, su tashi da kaya daban. Malamansu sun kai maganar har inda suka ce mai zuhudun da ke tafiya a natse, idonsa a ƙasa, yana kiyaye inda zai sa ƙafa, in ƙwaro ya shigo ƙarƙashin tafinsa ya mutu, wannan bai ɗaure shi ba. Mai gaggawar da ke tafe ko a jikinsa kuwa ya riga ya ɗauki alhakin cutarwa, ko da a ranar bai taka komai ba. Sakaci ma maiƙo ne. Wannan magana tana da nauyi ga duk wanda ya saba auna kansa da cewa ai ban kashe kowa ba, ban ci kuɗin kowa ba. Tambayarsu ta wuce nan: da wace zuciya ka wuni?

Sai maganar ƙyalli. Wanda ya dirji tasa bai zuba mata haske daga waje ba. Hasken nata ne tun asali, dauɗa ce ta danne shi. Haka Jainawa suke kallon kowane rai, na mutum da na tururuwa da na ciyawa: a asalinsa yana da sani marar iyaka, da gani marar iyaka, da ni'ima da ƙarfi marasa iyaka. Jahilcin da muke ciki rufi ne kawai. Sun kasa karma gida 8, da rassa 148 a ƙarƙashinsu. Huɗu daga ciki su ne masu danne hasken kai tsaye: mai rufe sani, mai rufe gani, mai tare ƙarfi da hana mutum bayarwa ko morar abin da ya samu, sai kuma mai ruɗarwa, wadda suke kira mohaniya. Ita ce uwar gayya, don ita ce ƙurar da ke haifar da sabon maiƙo. Tana sa mutum ya ɗauki dauɗar a matsayin kansa, ya ce ai ni haka nake, mai zuciya ne ni, ba a taka ni. Daga nan kuma fushin da ta haifar ya kamo wata ƙurar. Muddin tana nan, sauran ba sa tafiya. In ta faɗi, ukun nan ba sa daɗewa.

Sauran huɗun ba sa taɓa hasken, su ne dai masu tsara gidan da rai zai zauna: irin jikin da zai samu, dangin da za a haife shi, daɗi da wuyar da zai ji, da tsawon kwanansa. Wannan ta ƙarshe sau ɗaya ake ɗaure ta a rayuwa, galibi a sulusin ƙarshe na shekarun mutum, kuma ita ke yanke inda za a je: mutum, ko dabba da tsiro, ko 'yan sama, ko 'yan wuta. Sama da wuta a wurinsu duk masauki ne, in wa'adi ya cika a fito. Daga jikin mutum kaɗai ake samun fita gaba ɗaya.

A nan akwai abin da ke damuna, kuma ba zan rufe shi ba. In aka ce jikin da aka haife ka da shi da gidan da ka faɗo duk aikinka ne na baya, to ƙofa ta buɗe ga mai ƙoshi ya kalli gurgu ko matalauci ya ce shi ya jawo wa kansa. Wannan haɗari ne na gaske a duk inda aka yarda da sake haihuwa. Amsar da tsarin nasu ya bayar ita ce, wanda ya kalli mai wahala da wannan ido ya shafa wa kansa girman kai da ƙeƙasar zuciya, wato ya fi wanda yake kallo shiga uku. A aikace kuma an san su da hidima. A tsohon birnin Delhi, daura da Jar Ganuwa, akwai asibitin tsuntsaye a harabar wurin ibadarsu. A Jaipur akwai ƙungiyar da aka kafa a 1975 da sunan babban malaminsu Mahabira, wadda ke yi wa waɗanda suka rasa ƙafa ƙafar roba kyauta. Wannan bai goge tambayar ba, amma ya nuna inda suka karkata.

To, yaya ake yi da tasar? Kowace uwar ɗaki ta san ba a fara dirza taga na buɗe. A rufe taga tukuna, a toshe kafar ƙofa, sannan a zauna wanki. Jainawa ma haka suka jera: tsayar da shigowa, wanda suke kira samwara, sannan kankare abin da ya riga ya manne, wato nirjara.

Rufe taga shi ne dukan rayuwar masu zuhudunsu, maza da mata. Alkawari 5 suke ɗauka har mutuwa: ba cutar da mai rai, ba ƙarya, ba ɗaukar abin da ba a ba su ba, ba kusantar jinsi, ba mallaka. A ƙafa suke tafiya, ba takalmi, ba mota. Suna riƙe da tsintsiya mai laushi, ta zaren ulu ko ta gashin ɗawisu, su share wuri kafin su zauna don kada su danne wani ƙwaro. Wasu suna ɗaure ƙyalle a baki. Gashin kansu da hannu suke tuge shi. Damina na kamawa sai su tsaya wuri ɗaya wata 4, saboda lokacin ne ƙasa ke cika da ƙananan halittu. Cikakken mai zuhudu na ɓangaren Digambara ko tufa ba ya sawa, kwano ma ba shi da shi. Sau ɗaya yake cin abinci a wuni, a tsaye. Zai haɗa tafukansa biyu, masu gida su riƙa zuba masa loma ɗaya ɗaya, shi kuma yana bincika kowace loma da babban yatsa kafin ya kai baki. In ya ga gashi ko ƙwaro a ciki, ya ware hannuwansa, cin ranar ya ƙare, sai gobe. 'Yan ɓangaren Shwetambara suna sa fararen tufafi, suna zagaya gidaje da ƙoƙunan katako suna karɓar kaɗan kaɗan, don kada wani gida ya ɗora tukunya dominsu.

Mai iyali ba zai iya wannan ba, kuma ba a ce ya yi ba. Shi nasa rage buɗin tagar ne. Ya tace ruwa kafin ya sha. Ya bar cin dare, lokacin da ƙwari ke faɗawa abinci ba a gani. Ya bar abin da ake tonowa daga ƙasa, don tuge shi kashe tsiron ne ɗungurungum, ga kuma tarin rayukan da suka ce suna cikin saiwa. Ya guji sana'ar da ke cin rai, abin da ya tura da yawansu kasuwanci da harkar kuɗi da duwatsu masu daraja. Ya yanka wa kansa iyakar dukiyar da zai tara. Ya ware minti 48 ya zauna a natse, ba ciniki, ba husuma, yana horar da zuciyarsa ta daidaita tsakanin abin so da abin ƙi.

Wanki kuwa iri biyu ne, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Akwai wanda ke faruwa da kansa: kowace karma in lokacinta ya yi sai ta nuna, ta ba da 'ya'yanta, daɗi ko ciwo, sannan ta faɗi. Da a ce shi ke nan, da kowa ya zauna ya jira. Matsalar ita ce yadda mutum ke tarbar abin. Ciwo ya zo, ya yi fushi, ya nemi wanda zai ɗora wa. Daɗi ya zo, ya ƙanƙame, ya nemi ƙari. Tsohuwar dauɗa tana fita ke nan yana shafa sabon mai a wurin da ta bari. Shi ya sa a wurinsu haƙuri da cuta aiki ne mai lissafi: wanda aka zaga ya shanye ba tare da zuciyarsa ta tafasa ba, tsohon kaya ya sauka, sabo bai hau ba. Labaran Mahabira cike suke da wannan. Shi ne na 24 kuma na ƙarshe a jerin manyan malaman da suke kira Tirtankara. An haife shi kusa da Baishali a Bihar ta yau, ɗan gidan sarauta, ya bar gida yana da shekara 30, ya yi shekara 12 da rabi yana yawo cikin azumi da shiru. Sun ruwaito cewa wani makiyayi da ya zarge shi kan shanunsa ya cusa masa tsinke a kunnuwa, bai ɗaga hannu ba, bai riƙe shi a zuci ba.

Iri na biyu shi ne wanda mutum ke tashi ya yi da gangan, ya nunar da karma tun lokacinta bai yi ba. Hanyoyi 12 ne, 6 na waje, 6 na ciki. Na wajen su aka fi gani: azumi, rage ci, barin abinci mai daɗi, jure wa jiki wuya. A lokacin ibadarsu ta shekara, Paryushana, wajen Agusta ko Satumba, akwai masu yin kwana 8 ba su sa komai a baki ba sai dafaffen ruwa. Amma malamansu sun ɗora na ciki a sama: furta laifi da neman gyara, ladabi, hidimar wasu, karatu, sakin jiki da abin da ya danganci jiki, da zurfin tunani. Azumin da aka yi don a ce wane ya yi, toka ce aka kwaɓa da mai.

Ranar ƙarshe ta Paryushana a wurin Shwetambara ita ce ranar neman gafara. Kowa zai bi 'yan'uwa da maƙwabta da abokan ciniki ya roƙi a yafe masa abin da ya yi da sani ko ba sani, shi ma ya yafe. Akwai lissafi a ƙarƙashin wannan al'ada. Littattafansu sun kasa kowane maiƙo hawa 4 bisa daɗewarsa: wanda ke gushewa cikin kwana 15, wanda ke kai wata 4, wanda ke kai shekara, da wanda ke bin mutum har kabari. Wannan na ƙarshe shi ke toshe ko da fahimtar gaskiya. Don haka ba a yarda gaba ta zagayo shekara ba, kada ta haye hawa na huɗu. Duk wanda ya san gidan da wa da ƙani suka shekara 20 ba sa ga maciji kan gonar gado, ya san abin da ake tsoro.

Mafi wuyar fita shi ne ɗan abin da ya maƙale a cikin zane bayan ko'ina ya yi haske. Labarai biyu suke bayarwa a kan wannan. Bahubali ɗan sarki ne da ya kayar da wansa Bharata a gwagwarmayar sarauta, yana cin nasara kuma abin ya fita ransa, ya bar mulki ya shiga daji. Shekara guda ya yi a tsaye bai motsa ba, har kurangar daji ta nannaɗe masa ƙafafu. Amma haske bai buɗe ba. A ruwayar Shwetambara, abin da ya tsare shi ƙyashin ya je ya rusuna wa ƙannensa da suka riga shi shiga zuhudu. Sai 'yan'uwansa mata, Brahmi da Sundari, suka zo suka ce masa ya sauko daga kan giwa. Ya gane giwar girman kai ce, yana ɗaga ƙafa zai tafi wurin ƙannen sai rufin ya yaye. Mutum-mutuminsa yana tsaye a kan dutse a Shrawanabelagola cikin Karnataka, tsayinsa ƙafa 57, an sassaƙa shi daga dutse guda wajen shekarar 981, ga kurangar nan an zana ta tana hawa cinyoyinsa da damatsansa. Duk shekara 12 ake yi masa babban biki, na baya shi ne na 2018.

Labari na biyu ya fi taɓa ni. Gautama shi ne babban almajirin Mahabira. Waɗanda ya karantar suna ta isa, shi bai isa ba, kuma abin da ya riƙe shi ƙaunar malaminsa ce. Sai a daren da Mahabira ya rasu a Pawapuri, bayan ya sha kuka, ya gane cewa ko wannan ƙauna riƙo ce, ya saki, sannan ya isa. Addinin da zai ce wa almajiri son malaminka ma maiƙo ne, ba ya sassauta wa kowa.

Daga nan tasa ta fara gaza ɗaukar maganar, a wurare uku. Na farko, tasa an sayo ta sabuwa fes daga kasuwa, daga baya ta yi dauɗa. Rai a wurinsu bai taɓa zama fes ba, tun fil azal yake cikin rufi, babu ranar farko. Na biyu, uwar ɗaki ba ta damu da ƙura mai kyau ba, don babu ita. Su kuwa sun ce aikin alheri ma ƙura yake jawowa, mai laushi, mai kai mutum haihuwa mai daɗi, kuma ana buƙatarta a hanya, amma a ƙarshe ita ma sai ta sauka. Na uku shi ne babba: tasa tana da mai ita. Akwai hannun da zai ɗauke ta ya wanke. A addinin Jain babu wannan hannu. Ba su yarda da mahaliccin da ya yi duniya ko yake juya ta ba. Tirtankaran da suke rusuna wa a wuraren ibada ya riga ya wuce so da ƙi, ba ya jin roƙo, ba ya ba da komai, ana tsayawa gabansa ne don a tuna abin da rai zai iya zama. Mai neman ciniki ko haihuwa sai dai ya juya ga ƙananan abubuwan bauta masu gadin wurin, kuma kowa ya san waɗannan ba sa kankare karma. Ba mai ɗaukar wa wani, ba mai aika wa wani lada. Malamansu sun ƙi al'adar Hindu ta miƙa wa matattu abinci, suka ce mamaci ya riga ya tafi da kayansa.

A nan muka raba hanya. Wanda ya tashi cikin tuba da istigfari da yi wa iyaye addu'a bayan sun kwanta dama, ko Kiristan da ya tashi cikin maganar alheri da gafara, zai ji wannan gida da sanyi ƙwarai. Malamanmu ma suna maganar tsatsar da zunubi ke yi wa zuciya, amma a wurinmu akwai Wanda ake kai wa kuka, kuma rahamarSa ta fi aikin bawa. Ni a nan nake tsaye. Sai dai ina ganin mutanen da suka cire wa kansu duk wata madogara, suka ce ko ƙwayar zarra ba mai sauke maka, sun kai binciken zuciya wani wuri da mai dogaro da gafara yakan yi kasalar zuwa. Mu da muke da ƙofar tuba, sau nawa muke mai da ita dalilin barin taga a buɗe?

Tsananin nasu yana da bakin da ke tsorata mutane. Tsoho ko majinyacin da mutuwa ta fuskanto, da izinin malaminsa, yana iya janye abinci sannu a hankali, daga baya ruwa, har rai ya fita. Suna kiran wannan sallekhana, kuma sun dage cewa ba kisan kai ba ne, don mai kashe kansa cikin tafasar zuciya yake yi, wannan kuwa cikin natsuwa. A watan Agustan 2015 babbar kotun jihar Rajastan ta haramta shi, Jainawa suka fito zanga-zanga a garuruwa, kafin watan ya ƙare Kotun Ƙolin Indiya ta dakatar da hukuncin. A Fabrairun 2024 babban malamin Digambara, Acharya Bidyasagar, ya rasu ta wannan hanya yana da shekara 77. Ban yarda mutum yana da wannan iko a kan ransa ba, kuma ina tsoron tsohuwar da za a iya lallaɓawa ta bi wannan hanya don ta zame wa dangi nauyi. Akwai kuma saɓani a cikin gidansu kan mata: Digambara sun ce sai mace ta sake haihuwa a jikin namiji kafin ta kuɓuta, Shwetambara suka ce a'a, har ma suna riƙe da cewa Tirtankara na 19, Malli, mace ce.

Tafiyar gaba ɗaya matakai 14 ce. A na 12 mai ruɗarwa ta ƙare ƙurmus, a na 13 sauran masu rufi uku sun faɗi, mutum ya zama masanin komai alhali yana raye yana tafiya a ƙasa. Haka suka ce Mahabira ya yi shekara 30 yana karantarwa. In kwana ya ƙare, huɗun da suka rage su zube tare da jiki, ran da babu sauran nauyi a kansa ya miƙe sama cikin ƙiftawar ido zuwa ƙololuwar duniya. Wannan ita ce moksha. Ba ya narkewa cikin wani, ba ya gushewa, yana nan shi kaɗansa cikin saninsa da ni'imarsa, kuma ba ya dawowa, don babu sauran abin da ƙura za ta kama. Bisa lissafin da yawancinsu ke bi, Mahabira ya kai nan a shekara ta 527 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana da shekara 72, ko da yake masana tarihi da dama suna matso da lokacin gaba kaɗan. Daren ne suke tunawa da fitilun Diwali, kuma daga shi kalandarsu ta fara ƙirga.

Ga abin da mutum ba zai zata ba. Jainawa sun yarda cewa a wannan zamani, a wannan ɓangare na duniya, babu mai kai wa moksha. Na ƙarshe da ya kai shi ne Jambu, shekara 60 da 'yan kai bayan Mahabira. Muna cikin zango na 5 na zamanin lalacewa, mai tsawon shekara 21,000, an ci kusan 2,500 kawai, kuma na 6 da ke biye ya fi shi muni. Ke nan mai zuhudun da ke tuge gashinsa yau, da matar da ke tace ruwa a Ahmadabad, duk sun san ba a wannan rayuwa za su ga ƙarshen aikin ba. Abin da suke nema shi ne su rage kaya, su mutu da zuciya a kwance, ko sa dace da haihuwa a wani yanki da suke kira Mahabideha, inda suka ce ƙofa ba ta rufuwa kuma wani Tirtankara mai suna Simandara yana karantarwa a yanzu haka. Can ɗin ma, in mutum ya isa, ba Simandara ne zai yi masa aikin ba. Zai dai ji karatun daga bakin wanda ya gama nasa.